LAMBA BA SHAIDA BA CE: Damfarar Waya A Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wa dukiyar Musulmi da jininsa da mutuncinsa alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, babu mai musun alherin da ta zo da shi. Da ita manomin Daudawa yake jin farashin auduga da masara a Funtuwa bai bar gonarsa ba, da ita uwa a Damari take jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani kudu. Amma abin takaici, wannan ni'ima ta zama ƙofar da wasu azzalumai suke shigowa ɗakunanmu tsakar dare ba sallama, su kwashe abin da aka shekara ana tarawa, ba su haura katanga ba, ba su fasa rumbu ba. Mun zaɓi mu yi wannan magana a wannan wata ne saboda mun lura mutane suna yin shiru a kanta, wani don kunya, wani don tsoro, shirun nan kuwa shi ne babban jarin 'yan damfara.

TSORO YA ZAMA HAJA

Duk wanda yake zaune a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba ya buƙatar a gaya masa halin da 'yan bindiga suka jefa jama'a. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, waɗannan ukun suna ciki, aka yi watanni mutum sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iya gaisawa da ɗan'uwansa. Dalilin rufewar shi ne da waya ɓarayin daji suke magana da masu kai masu rahoto, da ita suke cinikin kuɗin fansa, da ita suke yanka wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi girbi.

To a nan ne wata ƙazamar sana'a ta tsiro a gefen ta farko. Wasu mutane, waɗanda ba su taɓa shiga daji ba, ba su ma mallaki bindiga ba, suka gane cewa a wannan yanki murya kaɗai ta isa ta sa magidanci ya sayar da sansa. Sai mutum ya ɓoye a bayan gari, ya shaƙe murya, ya buga wa mai ɗan rufin asiri waya ya ce daga daji ne, a kawo kaza nan da jibi ko a zo a ɗauke iyalinsa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta nuna wa manema labarai matasan da aka kama da irin wannan laifi. Waɗannan mutane fataken tsoro ne: ɓarawon daji ya shuka, su kuma su bi baya suna kala.

YADDA LAMBA TAKE YIN ƘARYA

Babbar shubuhar da ta yi wa mutanenmu katutu ita ce ɗaukar lambar da ta fito a fuskar waya a matsayin shaida. Mutum zai ce: ai lambar ta gida ce, 0803 ce, ko kuwa: ai sunan ƙanena na gani. Ya kamata mu fahimci cewa lambar da take fitowa wani rubutu ne kawai da ake aikowa tare da kira, kamar sunan da ake rubutawa a bayan ambulan. Wanda ya rubuta wasiƙa yana iya sa sunan da ya ga dama a bayanta. Haka nan akwai manhajojin da ake kira da su ta intanet, waɗanda suke bai wa mai kira damar ya zaɓi lambar da zai bayyana da ita. Wayarka kuwa ba ta da hankalin tantancewa. Idan lambar ta dace da wadda ka ajiye, sai ta nuna maka sunan mai ita.

Akwai kuma wata na'ura da ake jera wa katunan sim masu yawa, ta karɓi kira daga ƙasar waje ta intanet, ta miƙo shi kamar daga cikin Nijeriya ya fito. Wannan ɓoye asalin kira ya yi yawa har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hukunta wasu kamfanoni a kansa a shekarar 2018. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Amurka 'yan damfara sun daɗe suna aron lambar da farkonta ya yi kama da na unguwar wanda suke kira, don ya zaci maƙwabci ne, har sai da aka yi doka a 2019, kuma daga Yunin 2021 aka tilasta wa manyan kamfanoninsu amfani da tsarin tantance asalin kira. A 2023 kuma hukumar kare masu saye ta can ta yi gargaɗi cewa ana amfani da ƙirƙirarriyar basira a kwaikwayi muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa, a kira danginsa da ita ana kuka.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin masu cutar mutanenmu ba su ma buƙatar wannan fasaha. Wayar da aka ƙwace a hanya ta ishe su, domin sunayen dangi duk suna ciki. Katin sim da aka yi wa rajista da sunan wani ya ishe su. Layin da mai shi ya daɗe bai yi amfani da shi ba har kamfani ya sake sayar da shi ya ishe su. Shafin WhatsApp na wani malami ko ɗan kasuwa da suka ƙwace, bayan sun yaudare shi ya karanto masu lambobi shida da aka aiko masa, ya ishe su su bi abokansa ɗaya bayan ɗaya suna neman rance da sunansa da hotonsa. Gwamnati ta fara tilasta haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020, aka kuma hana miliyoyin layuka kira a Afrilun 2022, amma wannan bai mayar da kowace lamba amintacciya ba. Yanzu ɓarawon kan nemi NIN ɗin wani ne ya fake da ita.

TARKUNAN DA SUKA FI YAWA

Na farko shi ne barazanar da muka ambata, da ƙanwarta wadda ta fi ta muni. Idan an sace mutum da gaske, labari ya bazu, aka yaɗa lambar iyalinsa ana neman taimako, sai wani da ba ya riƙe da kowa ya riga ɓarayin kira, ya karɓe abin da aka haɗa da kyar. Iyali su yi asara biyu, ɗan'uwansu kuma yana nan a ɗaure.

Na biyu shi ne mai cewa daga banki yake. Zai kira ka da cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka yau saboda matsalar BVN, ya nemi lambobin jikin katinka, da lambar sirri, da lambar da za a aiko maka yanzu. Tun da aka fito da BVN a 2014 bankuna suke nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta waya. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanka.

Na uku shi ne tarkon kwaɗayi: an zaɓe ka a tallafin gwamnati, ko rancen noma, ko takin zamani, ko kujerar Makka, ko aikin gwamnati ga ɗanka, amma sai ka tura kuɗin fom. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta ƙara tsanani, kalmar tallafi ta zama mai daɗi a kunne. Mu tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda zai ba ka ba ya fara karɓa daga hannunka.

Na huɗu shi ne alat na bogi. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwar Sheme da Yankara da Dandume ga cinikin tura kuɗi ta waya ba tare da an koya masu ba. Sai mai saye ya nuna saƙon shigar kuɗi, ya ɗora buhuna ya tafi, asusun kuwa babu abin da ya shiga. Ko a turo saƙo, sannan a kira ana magiya cewa kuskure aka yi, a taimaka a mayar. Saƙo rubutu ne, kowa yana iya rubuta shi. Abin da ke cikin asusu shi ne kuɗi.

Na biyar, wanda ya fi kowanne ƙona mana rai domin yana cin dukiya ya haɗa da imani, shi ne kiran aljanu. Tsakar dare a kira mace ko dattijo da wata irin murya, a ce sarkin aljanu ne, a ambaci wata damuwarta, a ce an ga arzikinta a rufe ko an yi mata sammu, a umarce ta ta turo katin waya ko kuɗin sadaka, kuma idan ta gaya wa kowa za ta haukace. Subhanallah! Aljanin da yake da taskokin ƙasa shi ne yake roƙon katin ɗari biyar? Wanda ya karanta aya ta 14 a Suratu Saba'i ya san aljanu sun ci gaba da wahalar aiki a gaban Annabi Sulaimanu (AS) alhali ya riga ya rasu, ba su sani ba sai da gara ta ci sandarsa. Wanda bai san abin da ke gabansa ba, ina zai san gobenka? Muslimu ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya je wa boka da tambaya, har a ƙi karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Zuwa da ƙafa da zuwa ta waya duk zuwa ne. Da a ce an cika zukata da tauhidi, da wannan kasuwa ba ta ci ba.

Idan muka duba duka biyar ɗin za mu ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su: a firgita ka ko a kwaɗaita maka, a hanzarta ka, sannan a ce kada ka gaya wa kowa. Duk kiran da ya haɗa waɗannan uku, ka san daga inda ya fito.

AMSA GA MASU UZURI

Wani zai ce: ku kuna magana ne daga inuwa, idan kiran na gaskiya ne fa, na ƙi biya aka zo aka ɗauke 'ya'yana? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba, domin mu ma a nan muke kwana. Ba mu ce a yi watsi da barazana ba. Cewa muka yi kada mutum ya ɗauke ta shi kaɗai. Wanda ya biya a ɓoye bai sayi aminci ba, ya dai sanar da mai kiran cewa an sami saniyar tatsa, gobe zai dawo. Wanda ya sanar da 'yan'uwansa da mai unguwa da jami'an tsaro, ya kuma ɗauki matakin tsare gidansa, idan barazanar ta gaske ce ya sami mataimaka, idan ta ƙarya ce asirin mai ita ya kusa tonuwa.

Wani kuma zai ce: ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, amma ba a kafa hujja da ita a kan sakaci. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah, kuma a cikin abin da Buhari da Muslimu suka ruwaito an siffanta mumini da cewa ba ya bari a cutar da shi sau biyu ta kafa ɗaya.

Akwai kuma masu cewa tuhumar mai kira mummunan zato ne ga Musulmi. Wannan jahiltar addini ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta wajabta mana bincike idan labari ya zo daga wanda ba a tabbatar da adalcinsa ba. Muryar da ba ka ga mai ita ba, a lambar da kowa zai iya ara, majahuli ce a ma'aunin malaman hadisi, ba a gina hukunci a kanta. Ko da mai kira ya cika bakinsa da sallama da salati da rantsuwa, wannan ba ya tsarkake shi. Sun san mu da raunin zuciya idan an ambaci Allah, shi ya sa suke ambatonSa.

Mafi munin uzuri shi ne na iyayen da suke ganin ɗansu ba ya noma, ba ya kasuwa, kullum yana maƙale da waya, sai ga sabon babur, sai ga buhun shinkafa, su karɓa su sa albarka, har a ce yaron yana da wayo. Wallahi wannan ba wayo ba ne, wuta ce ake shigowa da ita gida a buhu. Allah Ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna a aya ta 188 ta Suratul Baƙara da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan firgita Musulmi ko da wasa ne, to ina ga wanda ya mayar da firgitarwa sana'a? Tuba daga wannan kuwa ba ta cika sai an mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Ko a dokar ƙasa, dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Mu tambayi kanmu: wa ya gaya wa mai kira cewa wane ya sayar da masara jiya? Wa ya ba shi sunan matarsa da makarantar 'yarsa? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani yana da kamasho a cikin zunubin. Mai ba da aron asusunsa a zuba kuɗin da bai san asalinsu ba don a ba shi ɗan wani abu yana da kamasho, kuma shi za a fara kamawa. Mai POS da yake ganin alamun rashin gaskiya ya kau da kai saboda ladan cirewa yana da kamasho. Haka mai bin ƙauyuka yana karɓar NIN da BVN na tsofaffi da mata da sunan rajistar tallafi, ba tare da wata hukuma ta aiko shi ba. Taimakekeniya a kan zunubi haramun ce da nassin aya ta 2 a Suratul Ma'ida.

KADA LAMBA TA SA A ZUBAR DA JINI

Ga wani haɗari da ya fi asarar kuɗi. A yankin da zukata suka yi zafi, kalmar infoma kaɗai tana iya sa a kashe mutum kafin la'asar. Idan lamba tana yin ƙarya, to tana iya yin ƙarya a kan marar laifi. Ana iya yin barazana da wayar da aka sace wa wani, ko da layin da aka buɗe da NIN ɗinsa bai sani ba, ko a ari lambarsa ta intanet yana barci a ɗakinsa. Malaman tafsiri da yawa sun ambata cewa ayar Hujurati ta sauka ne game da labarin da aka kawo cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa yaƙarsu, alhali ba haka abin yake ba. Saboda haka muna kira ga matasa da 'yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da su ji tsoron Allah. Lamba mafarin bincike ce kawai. Hukunci na alƙali ne, bayan hujja.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

1. Duk kiran da ya zo da neman kuɗi cikin gaggawa, ka kashe, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka sani, ko ka kira wanda yake kusa da shi. Idan aron lambarsa aka yi, kiranka wurin mai ita na gaskiya zai je.

2. Idan an ce an kama wani naka, ka fara nemansa ta wasu hanyoyi. Kada a ba da ko sisi sai an ji muryarsa, an yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Kada kai ka fara ambaton sunaye, domin da bakinka suke gina ƙaryarsu.

3. Kowane gida ya ajiye wata kalma ta sirri tsakaninsa da 'ya'yansa matafiya.

4. Lambar sirri, lambobin jikin kati, da duk lambar da aka aiko maka ta saƙo, amana ce, ba a karanta wa kowa ita. A sa wa katin sim da WhatsApp makullin sirri.

5. Ɗan kasuwa kada ya saki kaya sai ya duba abin da ke cikin asusunsa da kansa.

6. Wanda wayarsa ta ɓace ya gaggauta rufe layinsa da asusunsa a ranar, ya kuma sanar da dangi. Kowa ya tambayi bankinsa lambar rufe asusu ya haddace ta tun kafin buƙata.

7. Wanda aka cuta ya sanar da banki nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, kada ya goge lamba ko saƙo. Lambar gaggawa ita ce 112, ta koke ga NCC kuma 622.

8. A daina yaɗa lambobin iyalan waɗanda aka sace a dandalin sada zumunta. A naɗa mutum ɗaya amintacce ya riƙe magana da gudummawa.

Daga ƙarshe muna kira ga limamai da malaman Islamiyya da masu wa'azin mata, su mayar da wannan darasi cikin huɗuba da karatu, domin kiyaye dukiya da rai suna cikin manyan manufofin Shari'a. Wanda kuma aka taɓa damfara kada a yi masa dariya, an damfari masu digiri da manyan 'yan kasuwa. A ƙarfafa shi ya ba da labari a masallaci bayan sallar Isha'i, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mai karanta wannan kuma ya karanta wa mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabcinsa da bai iya karatun boko ba, tun kafin waya ta yi ƙara yau da dare.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya kuɓutar da 'yan'uwanmu da ke hannun azzalumai, Ya shiryi masu shiryuwa daga cikin ɓatattun 'ya'yanmu, Ya isar mana ga waɗanda suka ƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.